Jan Zaren da Tukur Ya Ɗaura

Duk wanda ya taɓa aiki da Sahabi a ɗakin na'urar da ke bayan tashar Jega, akwai magana guda da ba zai manta ba: ninka da takwas. Ko gaisuwa ka je yi, in ka daɗe zaune sai ya koya maka. Dogon mutum ne mai tsadar fara'a. Ubansa ya shekara arba'in yana awon hatsi a kasuwar Jega ba a taɓa kama shi da tauye mudu ba, shi kuma ɗan ya gaji wannan taurin kai ya kai shi wata sana'ar. Wani ƙaramin kamfani ne ya binne wayar faiba, zaren gilashin nan da haske ke gudu a cikinsa ɗauke da saƙonnin mutane, daga Aliero ta ratsa Jega ta dire Maiyama. Kowane gari da ɗan ɗakinsa mai na'ura, Sahabi kuwa shi ke tsaron na tsakiya.

Karatun nasa ba wani mai tsawo ba ne. Kwamfuta in tana faɗin saurin kayan da take turawa, da bayit take ƙirgawa. Layin kuwa da bit aka auna shi, kuma bayit ɗaya bit takwas ne, ba ƙari ba ragi. Layinsu shi ne wanda ake kira OC-3, mai ɗaukar megabit ɗari da hamsin da biyar da 'yan kai a kowace daƙiƙa. Saboda haka in kwamfuta ta nuna maka megabayit sha takwas da ɗoriya, kada ka ɗora hannu a ka kana salati. Ka ninka da takwas, ka ƙara ɗan abin da layin ke ci don riƙe kansa, wanda Sahabi ke kira nauyin buhu, sai ka tarar layi cike yake taf. Wannan ya faɗe shi ya fi sau dubu, har masu shayin bakin tasha sun haddace.

Mutum ɗaya ne kawai ba ya jin tsoron fuskarsa, wato Tukur, ɗan Gwaggo A'i mai sayar da albasa a Aliero. Taubasai ne, kuma Tukur ya riƙi taubasantakar nan kamar sana'a ta biyu. Gajere ne mai saurin dariya, shi ke hawa babur ya bi layi, in waya ta tsinke ya tone ya haɗa. Bai taɓa kiran Sahabi da sunansa ba, sai Malam Takwas. In ya shigo ɗakin ya tarar da shi yana cin ƙosai, sai ya leƙa takardar ya tambaya ko an ninka, ko kuwa yau an yi wa ciki rangwame.

Tukur ne ya kawo musu al'adar zaren. Daga rumfar uwarsa yake warware jan zaren buhun albasa ya cusa a aljihu. Duk wayar da ya sa wa hannu, sai ya ɗaura mata zaren da ƙulli guda. Ma'anarsa, akwai hannun wani a nan, ba mai taɓawa sai wanda ya ɗaura, ko wanda ya ambata da bakinsa. Da farko dariya aka yi ta yi masa, daga baya kowane ma'aikaci ya koma yawo da jan zare, don an ga tun da aka fara ba a ƙara zare wa wani waya yana tsakar aiki ba.

Akwai kuma baƙar wayar tarho da ke rataye jikin kowace na'ura. Ba ta da lamba, ba ta cin kati. Muryar mai magana cikin nauyin buhun nan take tafiya, gurbin bayit ɗaya tak aka ware mata. In ka danna maɓalli a Maiyama sai ta yi ƙara a Jega. Ta masu gyara ce kawai, su ji juna komai lalacewar sabis ɗin gari.

Ranar da abin ya faru, tsakiyar damina ce, kuma ranar kasuwar Jega. Kwana biyu kafin nan kamfani ya aiko da sabuwar manhajar gwaji. Tsohuwar da bit take nuna sauri, idon Sahabi ya shekara shida yana ganin ɗari da arba'in da wani abu. Da azahar wani ya kira daga Maiyama yana ƙorafin sabis na jan ƙafa, abin da mutanen Maiyama ke yi ko da layi na gudu kamar barewa. Sahabi ya danna gwaji, allo ya nuna masa sha takwas da ɗigo shida. Ya ɗauka layi ne ya kusa mutuwa. Ya leƙa waje ya kira Tukur, wanda ke zaune bakin ƙofa yana ɓare gyaɗa, ya ce ya tafi Maiyama ya duba, gwaji sha takwas kacal ya nuna.

Tukur ya dubi gabas, inda hadari ya fara haɗa baki, ya dubi taubashinsa.

"Malam Takwas, ka ninka kuwa?"

"Ni za ka koya ma aikina? Layi ya mutu saura ƙiris, kai kana nan kana cin gujiya. Tashi ka tahi tun ruwa bai sauko ba."

Tukur ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga rigarsa, ya ɗaure akwatin aiki a bayan babur. Ya ce in ya dawo yana son shayi mai madara, kofi takwas. Ya tayar ya tafi.

Bai fi rabin awa da tafiya ba Sahabi ya sake duban allon, ya ga abin da ya kamata ya gani tun farko. Sabuwar manhajar da bayit take ƙirgawa. Ya ɗauki biro ya rubuta a bayan hannunsa, sha takwas da ɗigo shida sau takwas, ɗari da arba'in da takwas da ɗigo takwas. Layi lafiyarsa ƙalau, ko ƙwarzane babu.

A nan ne ya kamata ya ciro wayar aljihunsa ya ce wa Tukur ya juyo. Ya ciro ta ma, ya riƙe. Sai ya hango bakin Tukur, ya hango yadda labarin zai kai masu shayi kafin magariba, ya kai Aliero kafin safiya, a yi ta yi har jikoki. Mutumin da ya koya wa duk garin takwas, shi takwas ta kayar. Ya mayar da wayar aljihu. Ya ce a ransa bari ya isa, ya buɗe, ya goge kan waya ya rufe, ni kuma in ce layi ya dawo. Ai ba wanda aka cuta.

Bayan la'asar baƙar wayar ta fara ƙara. Sahabi na tsaye taku biyu da ita. Ta yi ta yi har ta gaji, ta huta, ta sake ɗauka. Sau uku. Yana kallonta, hannunsa a baya kamar wanda aka tsare gaban alƙali. Da ta yi shiru na ƙarshe sai iska ta taso, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya.

Washegari manoma suka tsinci Tukur a ƙasan wani kwalbati tsakanin Maiyama da Jega, inda ruwa ya haura titi ya tafi da shi da babur ɗin. Aka yi masa sutura a Aliero. Kwana biyu bayan nan kamfani ya turo wanda ya gwada layi, ya ce bai taɓa ganin layi mai tsabta irin wannan ba. Shi ke nan magana ta zauna: Tukur ya gyara layin kafin ya rasu, a bakin aikinsa ya cika. Kowa ya faɗa, liman ma ya faɗa wurin addu'ar uku. Sahabi na zaune a sahun gaba, kansa a ƙasa, aka yi ta ba shi haƙuri ana cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

Shekara uku ya yi yana ɗauke da abin nan shi kaɗai, kuma gaskiya ya ci shi. Ya daina cewa ninka da takwas. In sabon ma'aikaci ya tambaye shi, sai ya rubuta a takarda ya tura masa ba tare da ya ɗaga kai ba. Hanyar Maiyama kuwa ya yi mata kallon ƙarshe. Ko biki ko rasuwa, in ta can ne, Sahabi ba shi da lafiya. Duk ranar da hadari ya haɗu a gabas, sai ya ji baƙar wayar na ƙara. Yanzu kam da gudu yake ɗauka, har ya taɓa buge gwiwa da kujera, amma ba ya jin komai sai wani siririn huci. Ya san ko mene ne hucin. Irin wannan layi ba ya shiru, ko da kaya ko babu yana aika ƙunshinsa sau dubu takwas a daƙiƙa, kamar motar da ba ta jiran fasinja. Sanin bai hana shi tsayawa da wayar a kunne ba, yana sauraron gurbin nan na bayit ɗaya yana zuwa fanko daga Maiyama.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne alherin Gwaggo A'i. Duk kakar albasa sai ta aiko masa da buhu guda, jan buhu, da saƙon cewa shi ne Tukur ɗinta yanzu. Matarsa Kubura ta gaji da tambayar dalilin da ya sa yake rabar da ita ga maƙwabta tun ba a kwance bakin buhun ba. Ya san haƙƙi ne a wuyansa, ya san ba istigfari kaɗai ke sauke irinsa ba sai an je ga mai shi. Sau biyu yana hawa mota zuwa Aliero da niyyar faɗa mata. Sau biyun yana gaishe ta, ya sha fura, ya dawo.

A damina ta huɗu kamfani ya turo Injiniya Hamdiyya ta sauya na'urorin layin gaba ɗaya. A jami'ar Aliero ta yi karatu, kuma a ɗakin nan na Jega ta yi wata shida na koyon aiki a hannun Sahabi, don haka ko da ta zama shugabarsa ba ta zauna ba sai da ya ce ta zauna. Ta buɗe kwamfutarta ta juyo masa da ita.

"Malam, makarantu da shagunan ga dut in an haɗa, megabayit ɗari biyu da hamsin suka so cikin daƙiƙa. Wane layi za mu sa?"

Ya san ta san amsar, girmamawa ce kawai. Ya jawo takarda ya rubuta ɗari biyu da hamsin sau takwas, dubu biyu. Ya rubuta OC-12, ɗari shida da ashirin da biyu, ya soke shi. Ya rubuta OC-48, dubu biyu da ɗari huɗu da tamanin da takwas, ya ja layi a ƙarƙashi. Sannan ya sake lissafin daga farko, ya kuma sakewa. Hamdiyya na jiransa.

Da ya gama ta ce saura matsala guda. An sauya na'urar Aliero, ta Jega jibi ne, amma ta Maiyama ma'aikata sun ƙi taɓawa. Jan zaren Tukur na nan ɗaure jikin wayar faiba tun ranar. Layin bai taɓa ɓaci ba balle a buɗe wurin, mutane ma cewa suke albarkar hannun mamaci ce. Ta ce ta yi musu faɗa, ta yi lallashi, sun ce su ba su kwance zaren wani, balle na wanda ke ƙasa.

"Kuma Baba Sambo mai gadi ya ce Tukur ya bar magana. Ya ce kai za ka kwance shi. Su kuma ma'aikata sun ce a zo da mahaihiyatai ta gani da idonta, a hita haƙƙinta."

Sahabi ya ajiye biron. Shekara uku ba wanda ya kawo masa wannan saƙo, don shi bai je ba, Baba Sambo kuwa tsoho ne da ba ya barin bakin ƙofarsa kuma ba ya ba da saƙon mamaci a bakin wani sai da dole. Ya buɗe baki zai ce ba shi da lafiya, ya ga ƙaryar ta tsufa. Ya ce to.

Washegari da hantsi suka ɗauko Gwaggo A'i a motar kamfani. Ta fito da farin mayafi da ɗan kwandon albasa, ta ce ba a zuwa wurin wanda ya yi wa ɗanka ganin ƙarshe hannu rabbana. Tsohuwa ce ƙarama mai kaifin ido, wadda ta shekara hamsin tana kasa albasa, dillalan manyan motoci ma tsoron lissafinta suke. Hanya duk ita ke magana, tana ba Hamdiyya labarin ƙuruciyar su biyun, yadda Tukur ya taɓa zuba wa Sahabi barkono a fura. Da suka iso kwalbatin ta yi shiru. An sake gina shi, ya yi faɗi, ruwa na wucewa a ƙasa siriri kamar bai taɓa cin kowa ba. Ta ɗaga hannu ta yi addu'a, suka shafa. Sahabi bai dubi taga ba.

Ɗakin Maiyama ƙarami ne, gero ya kewaye shi har ya kusa rufe ƙofar. Baba Sambo ya tarbe su, ya durƙusa ya yi wa Gwaggo gaisuwar da ya daɗe yana riƙe da ita. Ma'aikata biyu suka ja gefe. Hamdiyya ta buɗe ƙofar na'urar, sanyin ɗakin ya bugi fuskar Sahabi, 'yan fitilu kore na ta ƙiftawa. Ga baƙar wayar a rataye. Ga zaren.

Ya koɗe, ya koma kalar ƙasa-ƙasa, amma yana nan yadda aka bar shi. Sahabi ya matsa kusa, ya sunkuya. Ba ƙulli ɗaya ba ne irin na kullum. Ƙulle-ƙulle ne a jere, ƙanana, an yi su da natsuwa, tazararsu daidai. Bai so ya ƙirga ba, idonsa ne ya ƙirga masa. Takwas.

Baba Sambo na bayansa yana ba Gwaggo labari.

"Wallahi Hajiya kamar yanzu nika ganinai. Yaz zo yab buɗe, yaj jona 'yak kwamfutatai, yad duba. Sai nij ji dariya. Dariya har da riƙe ciki, har yaz zamna ƙasa nan wurin ga. Nic ce lahiya? Yac ce lahiya lau Baba, yau Allah ya ba ni taubashina a hannu. Yaɗ ɗauki wayag ga yad danna, yay yi ta jira, ba a ɗauka ba. Har sau uku. Nic ce mai hadari ya taso, ka kwana nan. Yac ce a'a, wagga dariya ba ta kwana, in ba shi ɗauka sai in kai mai ita har gida. Yaɗ ɗaure zaren ga yac ce kowa kar shi taɓa, Sahabi za ni kawowa gobe shi kwance da hannunai."

Sahabi ya miƙa hannu ya sauko da baƙar wayar, shi kansa bai san dalili ba, ya danna maɓallin ya kai kunne. Can nesa ya ji tana ƙara a ɗakin Jega, ɗakin da ya kulle da hannunsa ya taho. Ta yi ta ƙara ba mai ɗauka. Ashe haka ake ji daga wannan ɓangaren. Ya mayar da ita ya rataye, ya zauna a ƙasa.

Gwaggo A'i ta dubi zaren, ta dubi ɗan ɗan'uwanta.

"Sahabi, mi na na takwas? Ɗana ƙulli guda shika yi, ni nik koya mai."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya nemi kalmomin aikinsa ya ga ba wadda za ta shiga kunnenta, sai ya jawo kwandon da ta kawo. Ya kasa albasa takwas a kan siminti, ya tara su wuri guda.

"Gwaggo, in kin kasa takwas-takwas, wani yaz zo yac ce nawa ag gare ki, kic ce sha takwas, mi kika nuhi?"

"Kashi sha takwas mana."

"To na'ura kashi ta hwaɗa min. Ni kuwa niɗ ɗauka ɗaiɗai ta ƙirga. Nic ce kaya sun ɓace, nit tura Tukur nema. Ba abin da yaɓ ɓace, Gwaggo. Layin ga bai taɓa lalacewa ba. Ba abin da yag gyara."

Bai taɓa yi wa wani bayanin nan ya gane da sauri irin nata ba. Ta dubi kashin albasar, leɓenta ya motsa kaɗan, ta gama lissafin kafin Hamdiyya ta sauke numfashi. Ta gyaɗa kai.

"Wanga kuskure na 'yan kasuwa na. Ni ma na taɓa yin shi, da ƙuruciya. Wanda bai kuskure ba bai auna ba." Ta nuna baƙar wayar da haɓa. "Amma wagga, kana ina sadda tay yi ta kuka?"

Da ya so, da ya ce yana masallaci. Ba mai ƙaryata shi duk duniya.

"Ina tsaye gabanta."

"Ka san ba komi tun sannan?"

"Tun bai kai rabin hanya ba nis sani."

"To don mi?"

"Kunya, Gwaggo. Dariyatai nika gudu."

Hawaye ya zubo masa, na farko tun ranar jana'iza, ya bar shi yana zuba. Ma'aikatan nan biyu suka sulale waje. Baba Sambo ya shiga jan carbi da ƙarfi. Gwaggo A'i ba ta yi kuka ba, ta dai nemi bakin wani akwati ta zauna, ta daɗe tana kallon wurin da aka ce ɗanta ya zauna yana riƙe ciki.

Da ta yi magana, muryarta ta sauka ƙasa. Ta ce shekara uku in ta rufe ido ganinsa take a gajiye, a jiƙe, yana sauri ya ga ya gama aikin mutane. Ta ce ashe da dariya a bakinsa ya hau babur, kuma wannan ta gode wa Allah da ta ji shi kafin ta mutu. Ta ce amma shekara ukun nan kuma tana tsaye cikin kasuwa tana faɗa wa duk wanda ya tsaya cewa ɗanta ne ya gyara wayar da suke magana da ita, shi kuwa Sahabi na ji, yana shan furarta.

"Tashi ka kwance. Kai yac ce."

Ya tashi. Zaren ya bushe, ƙullin sun kama jikinsu, sai da farce da haƙuri. Ya kwance na farko, ya kwance na biyu. Na'ura na ta huci. Kowane ƙulli ya saki sai ya bar lanƙwasa a jikin zaren, jan asali na leƙowa daga inda rana ba ta taɓa ba. Yana kan na bakwai ya ji kamar ana dariya ƙasa-ƙasa a bayan kunnensa, bai waiwaya ba. Da na bakwai ya saki, zaren ya sako daga jikin wayar ya faɗo tafin hannunsa, saura ƙulli ɗaya a can bakinsa. Ya sa farce.

"Bari."

Ta miƙo hannu, ya ɗora mata. Ta juya zaren, ta shafa ƙullin da babban yatsa.

"Bakwai ɗin ga na lissahi na, na yahe maka su duniya da lahira. Wanga guda na wayag ga da kaƙ ƙi ɗauka na. Shi ban iya ba tukuna, kuma ba ni yi maka ƙarya kamar yadda kay yi min."

Ta ɗaure zaren a gefen mayafinta, inda take ɗaure goro. Sahabi ya ce ya ji, bai roƙi ƙari ba, don ya san ko wannan bai cancanta ba.

Hamdiyya ta dube shi tana jiran izini, ya gyaɗa kai. Ta kashe tsohuwar na'urar. Fitilun suka mutu ɗaya bayan ɗaya, hucin ya tsaya, ɗakin ya yi wani irin shiru har ana jin ganyen gero na kaɗawa a waje. Ma'aikata suka shigo da sabon akwati. Sahabi ya tambayi Hamdiyya ko sabuwar na da baƙar waya, ta ce babu, yanzu ba a yin su da ita.

Gwaggo A'i ta tattara albasar da ya kasa ta mayar kwando ta miƙa wa Baba Sambo. A bakin ƙofa ta tsaya ta gyara mayafi, ba ta juyo ba.

"Bana ba ni aiko maka da albasa. In kana so, ka zo da ƙahwakka ka ɗauka. Ka riƙa zuwa kana tambaya ta, wata rana halan ka iske na kwance shi."

Ta wuce mota. Gabas ta fara duhu, direba na cewa su hanzarta kafin ruwa. Sahabi ya bi bayanta, idonsa na kan ɗan ƙullin da ke lilo a gefen mayafin.